Waƙar Gewaye a Kan Hanya

Tun muna yara a nan Sabo muke jin iyayenmu mata suna rera Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u, wadda ta tsara da Fulatanci, ƙaninta Isa ya mai da ita Hausa. Bayan Sallah Babba, mu bakwai muka yi karo-karo muka ɗauki bas don mu taka wuraren da ta ambata. An ce Turawa suna irin wannan ziyara da mota mai gado da kicin a ciki. Tamu dai tabarmi ne da risho da buta. Muka bi ta Jebba, Kwantagora, Yawuri, Jega, har Sakkwato.

A Degel muka fara gane waƙar. Wani yaronmu ya duba gabas da yamma, ya ce, "Baba Malam, nan ne duka?" To, me zai gani? Gonaki ne da makwantan bayin Allah. Ita kuwa waƙar dama ba ta yi alkawarin kallo ba. Sunayen garuruwa take jerawa kamar mai jan carbi, kowane suna da abin da jama'a suka sha a wurin. Daga Degel aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, lokacin Nana tana yarinya, ba ta wuce shekara 11 ba. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Shehu ya zauna Gwandu da Sifawa, ya rasu a Sakkwato a 1817. Abin da suka yi shekaru suna takawa da yunwa, mu mun so mu gama shi a kwana uku.

Inda muke da magana da waƙar shi ne saurinta. An yi ta ne don waɗanda suka san labarin, suna ɗaya ya isa ya sa su hawaye. Ɗan da aka haifa a Ibadan kuwa, sai ya haddace ta tsaf bai san ina ne Sifawa ba. Wannan giɓi namu ne, malaman Islamiyya, mu cike shi da bayani kafin hadda.

Gudu da Alƙalawa ba mu kai ba, direba ya ce hanyar ba lafiya. A Hubbare muka rufe da addu'a. Allah ya dawo da aminci, mu ƙarasa gewayen da yaranmu.