Wa zai fara shiga, Kotlin ko Java? Inda Gradle ya burge da inda ya gaza

Manhajar ODK Collect, wadda ake tattara bayanan rigakafin shan-inna da ita a Najeriya, da harsuna biyu aka rubuta ta: Java da Kotlin. Haka manhajojin Android da dama suke tun da Google ya rungumi Kotlin a 2017. Ɗalibin da ke Tambuwal ko Kebbe, in ya ɗauko irin wannan aiki don ya koya, zai ci karo da wata tambaya. Fayil ɗin Java yana kiran na Kotlin, na Kotlin ma yana kiran na Java. To wanne za a fara juyawa zuwa abin da na'ura ke ganewa?

Dabarar ita ce, mai juya Kotlin ne ke fara shiga. Yana karanta fayilolin Java don ya san sunayen da ke ciki kawai, bai juya su. Bayan ya gama, sai javac ya zo ya juya Java, ya tarar da na Kotlin a shirye.

Gradle yana tsara wannan jeri da kansa, kuma a nan ya cancanci yabo. A Maven kuwa, hanyar da aka daɗe ana koyarwa ita ce ka buɗe pom.xml, ka kashe matakin juya Java na asali, ka sake saka shi bayan na Kotlin. Aiki ne mai gundura, gaskiya.

Amma ni a ganina sauƙin Gradle ɗin ne ke cutar da mai koyo, domin ba ya nuna masa jerin. Ɗauki Lombok, wanda ke ƙirƙiro wasu layukan Java a lokacin da javac ke aiki. Kotlin ya riga ya wuce kafin nan, don haka sai ya ce bai san sunan ba, alhali editan yana nuna maka komai lafiya. Saƙon kuskuren bai ce uffan kan jeri ba. Sai a 2021 Kotlin ya fito da abin haɗi na musamman don Lombok.

Wanda bai san wannan ba zai yi ta share ma'ajiyar Gradle yana sake saukewa. A Kebbe, inda ake lissafin data da cajin kwamfuta, wannan asara ce ta kuɗi. Ɗan Maven ya sha wahalar rubuta jerin da hannunsa, shi ya sa yake sanin inda zai fara dubawa.