Likitan da ke hango makanta tun ido na gani

Mai ciwon suga na iya zura zare a allura alhali ɓarna ta yi nisa a bayan idonsa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, idon ma ba ya ja. Shi ya sa aikin ƙwararrun likitocin ido, irin na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, yake burge ni.

Gwani ba ya garajen ɗaukar na'ura, da tambaya yake farawa. "Baba, shekara nawa ke nan da aka gano sugan?" Daɗewa da ciwon na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo lalacewar jijiyoyin ido. Sai ya nemi sakamakon HbA1c, gwajin da ke tona asirin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, don haka wanda ya ƙaurace wa tuwo daren jiya domin ya burge likita ya yi wahalar banza. Babban binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna a 2000 cewa duk maki ɗaya da gwajin ya sauka, lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na raguwa da kashi 37 cikin 100. Likitan yana kuma lura da hawan jini, da furotin a fitsari, don ƙoda da ido sukan kamu tare. Idan mace ce mai juna biyu, sai ya ƙara sa ido.

Daga nan a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, a jira wajen rabin awa, ya haska ciki. Abin da yake farauta ƙanana ne ainun: jajayen ɗigo inda bangon jijiya ya kumbura, ɗigon kitse rawaya, fararen tabo kamar auduga inda jini ya daina kaiwa. Ɗigo kaɗan kusa da tsakiyar gani sun fi tayar masa da hankali a kan masu yawa a can gefe. In kuwa ya ga sababbin jijiyoyi sirara sun tsiro, ya san suna iya fashewa kowane lokaci.

Tun 2018 Amurka ta amince da wata manhajar kwamfuta mai tantance hoton bayan ido ita kaɗai, kuma tana taimakawa. Amma a ganina gwanintar tana wurin yanke ranar dawowa. Likitan kan ce wa wani sai baɗi, wani bayan wata uku, wata kuma ya ce mata, "Hajiya, a makon nan za mu yi leza, kada ki bari sai bayan biki."