Gwanintar Riƙe Jama'a: Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Kujerar Kakaki

Kujeru 30 ne a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato. A zaɓen 2019 APC ta kwashi 16, PDP ta samu 14, shi kuwa gwamna Aminu Waziri Tambuwal na PDP da ƙyar ya sha, da ratar ƙuri'a 342 kacal. A majalisa irin wannan, mutum biyu suka sauya zuciya, komai ya birkice. Duk da haka, a watan Yunin shekarar aka zaɓi Aminu Muhammad Achida, ɗan APC mai wakiltar Wurno, ya zama kakaki, mataimakinsa kuma Abubakar Magaji na PDP. Daga baya Achida ya koma PDP, amma kujerar tana hannunsa har majalisar ta cika wa'adinta a 2023.

Wasu za su ce sa'a ce. Ni a ganina iyawa ce, kuma ba a zauren majalisa ake koyon ta ba. A ƙauye ake koyon ta.

Ɗan majalisar jiha shi ne zaɓaɓɓen da ba shi da wurin ɓuya. Sanata yana Abuja, gwamna yana bayan masu gadi, shi kuwa mutumin garin Sisawa ko na garin Achida na iya hawa babur ya iske shi a ƙofar gida kafin rana ta ɗaga. Ga dattijo da takardar magani a naɗe cikin hula, ga saurayi da takardun makaranta yana neman aiki, ga manomin tafarnuwa da injin ban-ruwansa ya mutu ana tsakiyar rani. Aljihun mutum ɗaya ba zai ɗauki wannan duka ba, kuma gwani ya san haka. Abin da yake yi shi ne ya saurari kowa har ƙarshe, ya kira shi da sunansa, ya tambayi lafiyar mahaifinsa. Wanda zai iya yi wa, ya yi masa nan take. Wanda ba zai iya ba, ya gaya masa gaskiya cikin mutunci, domin "sai ka ji daga gare ni" ta kayar da 'yan siyasa fiye da yadda abokan hamayya suka kayar.

Sannan dole ya san ƙasarsa. Wanda bai san me sakin ruwa daga madatsar Goronyo ke nufi ga mai shinkafa a fadamar Rima ba, ko ya manta ambaliyar 2010, da wane baki zai yi magana ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi? Yau kuma ga matsalar 'yan bindiga a yankunan Rabah da Goronyo, inda zuwa jaje da ƙafarka ya fi kowane jawabi nauyi.

Ranar zaɓe kuwa aikin lissafi ne. Gwani ba ya ruɗuwa da cikar fili ranar kamfen. Rumfa-rumfa yake ƙirga mutanensa, ya san wace unguwa ce ta yi fushi da dalilin fushinta, ya kuma zaɓi wakilin da ba zai tashi ba sai an ƙirga ƙuri'u a gabansa, an rubuta a takardar sakamako, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa. Sau da yawa a nan ake cin zaɓe, wajen mutum ɗaya mai amana da ya jure yunwa da rana.

Wannan lissafin ne ke bin sa har majalisa, sai dai a can mutum 29 zai riƙe, kowa da jam'iyyarsa da ubangidansa. Tsarin mulki ya ce kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya tsige kakaki, wato mutum 20 a Sakkwato. Shekara huɗu ana zama, ba a taɓa haɗa wa ɗan Wurno wannan adadin ba.