Jinjina ga Malaman Darasin Share Fage a Ƙasar Rano da Kibiya

Darasin share fage, wanda aka fi sani da lesin, karatu ne da malamai masu zaman kansu ke bayarwa domin shirya ɗalibai ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ga ɗan Kahu, a ƙaramar hukumar Kibiya, wannan karatu tsani ne zuwa Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya ta Wudil.

Aikin yana buƙatar haƙuri. Malami kan zauna da ɗalibai bayan la'asar, suna bitar tsofaffin takardun jarrabawa, tambaya bayan tambaya. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, nauyin ya ƙaru, domin akwai yaron da sai malami ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake latsa amsa.

Iyaye ma suna da nasu kaso. Uba kan sayar da buhun masara bayan kaka, uwa kan kai akuyarta kasuwa, a haɗa kuɗin rajista. Wasu malaman kan jira har amfanin gona ya shigo kafin a biya su. Irin wannan sadaukarwa ta cancanci yabo, domin da ita 'ya'yan manoma ke zama likitoci da malamai.