Jinjina ga Malaman Adabi a Kwalejojin Shekara Biyu

Tun da aka buɗe kwalejin Joliet a jihar Illinois a 1901, kwalejojin al'umma na Amurka ke karɓar waɗanda tsadar jami'a ta kora, kuma malaman adabin Ingilishi na cikinsu sun cancanci jinjina. Ɗalibinsu sau da yawa ma'aikaci ne, ya tashi daga aiki ya shigo ajin dare idanu jajawur. Malamin zai bi rubutunsa da jan biro, jimla bayan jimla, ya maido masa ya sake. Masu cewa karanta Shakespeare ba ya ɗora tukunya sun manta cewa ma'aikaciyar jinya ma rahoto take rubutawa kullum, kuma wanda ya saba warware baiti mai sarƙaƙiya da wuya takardar yarjejeniyar haya ta ruɗe shi.