Ganuwa Ko Kasuwa? Abin da StarCraft Ya Gane da Wanda Ya Kasa Ganewa

Jama'a, akwai wani wasan kwamfuta da wasu samarin zangon nan suka ɗauka da zafi, sunansa StarCraft. Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fito da shi a 1998, ya ƙaro na biyu a 2010, kuma a Koriya ta Kudu har sana'a ake yi da shi. Iyaye da yawa kan ce shirme ne kawai. Ni kam na zauna na kalla da idon ɗan kasuwa. A ganina wasan ya san yadda ake tsare dukiya, amma bai san yadda dukiya ke zuwa gari ba.

Ga yadda yake. Ana ajiye ka a wata duniya can sararin samaniya, da gida ɗaya da 'yan leburori. Aikinsu haƙo wasu duwatsu shuɗɗa da ɗebo iskar gas, da su kake gina bariki da rumbun guzuri da hasumiyar harbo jirage. Abokin gabarka ma haka yake yi a ɗaya gefen. Wanda ya rushe gine-ginen ɗan'uwansa kaf shi ya ci.

To, hikimar tana wajen inda ka dasa kowane gini. Yawanci mashigar gidanka guda ce, wata 'yar siririyar gangara. Gwanaye sukan jera bariki da rumbuna a bakinta su zama katanga. A wasa na biyu ma akwai rumbun da ake nutsar da shi ƙasa sojanka ya wuce, a sake ɗago shi, ka ga ƙofa ke nan. Amma wanda ya tara duk ƙarfinsa a ƙofa ya bar leburorinsa a fili, sai abokin gaba ya ɗebo soja a jirgi, ya sauke su ta baya, ya karkashe masu haƙa. Shi ke nan, ga katanga a tsaye, ga aljihu wayam. A nan na yaba wa wasan: tsaro yana bin inda abinci yake ne, ba inda ido ke gani ba.

Mu da asalinmu ƙasar Katagum ce, wannan ba sabon karatu ba ne. Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu, ya kafa Katagum a bakin kogin Jama'are, daf da iyakar Barno. Da Baturen nan Kyaftin Clapperton ya iso a 1824, ya tarar da gari mai kusurwa huɗu da ƙofa huɗu, ganuwa biyu ta jar ƙasa mai tsayin ƙafa 20 ko kusa da haka, da gwalalo uku: ɗaya a waje, ɗaya a tsakani, ɗaya a ciki. Ya ƙiyasta mutanen garin 7,000 zuwa 8,000, ya kuma shaida tun tasowarsa daga Tirabulus bai ga gari mai ƙarfin wannan ba. Ba don ado aka yi ba. A 1826 rundunar Shehu Laminu ta Barno ta kutso ƙasar, sai da Yakubun Bauchi ya tare ta a Fake. Daga baya kuma ga hare-haren Buhari Sarkin Haɗeja.

Amma ku lura da abu guda: ƙofa huɗu, ba ɗaya ba. Kuma a Katagum ne Baturen ya fara ganin ana ciniki da wuri tun fitowarsa daga Barno. Wato gari ne na fatake. Waɗanda suka gina shi sun san duk ƙofar da ka buɗe rauni ce, amma suka buɗe, don garin da baƙo ba ya shiga yunwa ce za ta ci shi kafin maƙiyi ya iso.

A nan StarCraft ya gaza. Babu kasuwa a cikinsa ko ɗaya. Ba ka saye, ba ka sayarwa, duk wanda ya tunkaro ƙofarka in ba naka ba ne, to abin harbi ne. Dukiya kuwa a ƙasa take, ka haƙe ta ƙare, ka matsa gaba ka kafa wani sansani. Lebura in ya mutu, ka danna maɓalli wani ya fito, ba shi da uwa balle 'ya'ya. Ko a cikin wasanni ma akwai wanda ya fi shi hankali ta wannan fanni: Age of Empires na biyu, na 1999, yana da kasuwa da amalanken fatauci, kuma gwargwadon nisan hanya gwargwadon riba. Wannan ko bafataken goro zai gane shi.

Tarihin namu ma ya raba gardama. Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙin gari da gari ya kau, a 1916 aka mai da fadar sarki Azare. Yau Azare, da ke kan titin Kano zuwa Maiduguri, ita ce babban garin masarautar, tsohuwar Katagum mai ganuwa biyu kuwa hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki ce. Hanya ta yi abin da ganuwa ba ta iya ba. Sai dai buɗe ƙofa na da nasa kuɗin. A watan Nuwamba 2014 bom ya tashi a kasuwar 'yan waya ta Azare, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ba a ƙofar gari aka kai harin ba, a tsakiyar masu neman abinci ne.

Saboda haka ban ce a hana yara wasan nan ba, muddin bai cinye lokacin karatu da na shago ba. Amma ku iyaye, ku tambaye su: in kai ne aka ba tsarin zangon nan, ina za ka sa sito, ina 'yan sintiri za su kwana? Don mu ma muna da tamu matsalar. Masu gadinmu na bakin titi, situnan hatsi da na atamfa suna can lungu ba fitila. Tebura da rumfuna sun cinye layi, har motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Mun toshe hanyar mai ceto, mun bar ta ɓarawo a buɗe.

Yaron da ya iya hango inda jirgin abokin gaba zai sauka, ai zai iya hango wannan ma. Ku zo da shi taron unguwa na gaba, a ba shi takarda da biro ya zana mana zangon.