Cimar Gari a Getso: Daga Madafin Cikin Gida Zuwa Teburin Mai Shayi

Baƙon da ya sauka a Getso yana neman gidan abinci mai allo da kujeru da takardar jerin girki zai iya cewa garin ba shi da wurin ci, alhali babu wata sa'a daga asuba zuwa bayan lisha da ba a sayar da dafaffen abinci a cikinsa. Getso gari ne na ƙaramar hukumar Gwarzo, a yammacin jihar Kano, yankin da babbar hanyar Kano ke ratsawa ta Rimin Gado da ƙasar Kabo har ta shiga Dayi da Malumfashi a jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma da kiwo da kasuwannin mako. A irin waɗannan garuruwa sana'ar abinci lokaci take bi fiye da gini: kowace cima da sa'arta da kusurwarta, kuma kusurwa guda tana iya zama ta mai koko da safe, ta mai rake da rana, ta mai tsire da daddare. Abin da nake son a lura da shi shi ne cewa ɓangaren da ido ke gani na wannan sana'a, wato teburi da tukuba da kanti, shi ne ƙarami. Mafi yawan abin da gari ke ci a waje, a cikin gida ake dafa shi, kuma mata ne ke dafawa.

Tun kafin a fito daga sallar asuba an riga an tace gasara, an markaɗa wake, mai ya yi zafi a kasko. Koko da ƙosai, waina, ɗanwake, alale, dambu, awara, garau-garau da mai da yaji, kwaɗon zogale, duk daga bayan zaure suke fitowa. Babu allo, amma kowa a unguwa ya san inda zai aika. Za ka ji ana cewa a je gidan wane a sayo ɗanwake, na can gidan ya cika kanwa. Sunan gida shi ne tambarin kaya, kuma macen da ta yi sake ta rage hannu ko ta yi amfani da man da ya kwana biyu, kafin azahar labari ya zaga.

Masu bincike sun daɗe da ganin wannan. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna a wata maƙala ta 1969 cewa cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara kasuwa ce sukutum, ko da yake ba ta da fili ba ta da rumfa. Enid Schildkrout ta bi sawun yara masu talla a birnin Kano a shekarun 1970, ta ga cewa su ne ƙafafun wannan kasuwa. Abin da suka rubuta bai tsufa ba a yankin Gwarzo. Tsarin yana nan: kuɗin sana'ar mace nata ne, daban yake da kuɗin cefane. Maigida na iya miƙa kuɗi ya sayi ƙosan da matarsa ta soya, ba a ganin haka da aibu. Daga ribar nan ake zubin adashi, a yi biki, a sayi akuya ko tunkiya a ɗaure, a tara wa 'ya kayan ɗaki. Jarin kaɗan ne, tiya biyu ko uku na wake da kwalbar mai, amma kullum yana juyawa, kuma gidaje da yawa shi ke riƙe da su a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ranar kasuwa abin ya kan fito fili. Rumfunan 'yan tuwo-tuwo su cika da fatake da dillalan dabbobi da direbobi, matan Fulani su jera ƙore a inuwa suna dama fura da nono, mahauta su yi yanka fiye da na kullum. Sana'ar fawa ita ce mafi tsari a cikin duka, don tana da gado, tana da Sarkin Pawa, kuma an san wanda za a tuhuma idan aka ga nama mai shakka. Mai tsire ya kan kafa tukubarsa da la'asar, ya jera tsinkaye kewaye da wuta, ya barbaɗa ƙuli da yaji, sauran naman ya tafi balangu. Wanda aljihunsa bai kai tsire ba ya ci gurasa da ƙuli da mai.

Teburin mai shayi kuwa wani babi ne, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne baƙo a cikinsu. Koko da fura da tuwo 'ya'yan gona ne; gero da dawa da wake a bayan gari aka nome su. Amma a dubi abin da ke kan teburin shayi: gwangwanin madara, Bournvita ko Milo, ganyen Lipton, sukari, burodi, kwalin Indomie. In ban da ƙwai da albasa da attarugu, kusan babu abin da ƙasar Gwarzo ta haifa. Alkamar da ake yin burodin da ita, mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Kayan suna tasowa daga kamfani zuwa manyan 'yan kasuwa na kasuwar Singa a Kano, daga nan a ɗoro su a mota zuwa kantunan gari. Saboda haka mai shayi ne ke fara jin zafin faɗuwar naira tun kafin mai koko ta ji.

Abubuwa biyu suka sauya wannan teburi a zamaninmu. Na farko madarar gari a ƙaramar leda, wadda Cowbell ta shigo da ita Nijeriya a 1993. Da ita talaka ya sami damar sayen madarar kofi guda ba sai ya sayi gwangwani ba. Na biyu Indomie, wadda aka fara yi a Nijeriya, a Ota ta jihar Ogun, a tsakiyar shekarun 1990. Kafin ita, mai shayi burodi da wainar ƙwai kawai yake da su. Da ta zo, sai ya zama mai girki na sosai, da risho ko gas da ƙaramar tukunya, yana dafa wa mutum abincin dare a gabansa cikin 'yan mintuna. A ƙasar da girki aikin mata ne, ga namiji yana yanka albasa a bainar jama'a babu mai yi masa dariya, domin sana'a ce.

Sana'ar tana da gwaninta. Akwai yadda ake sheƙa shayi tsakanin kofi biyu, a ɗaga hannu sama ba tare da ɗigo ya zuba ba, har ya huce ya yi kumfa. Akwai haɗin citta da kanumfari da masoro da kowane mai shayi ke da nasa. Akwai kuma sanin mutane, wanda ya fi duka. Mai shayi na kirki ba ya tambayar tsohon mai cinikinsa abin da zai sha. Ya san wanda ke cewa a haɗa mai kauri, ya san wanda yau zai ce, “Malam, ruwan bunu za ka ba ni,” ya kuma san cewa ba son ruwan bunun ne ya sa ba. Sai ya ɗan ɗiga masa madara ya yi kamar bai yi ba.

A garuruwan wasu ƙasashe, mashaya ce wurin da maza ke haɗuwa bayan aiki su yi hira. A nan ba haka ba ne. Giya ta taɓa zama cikin rayuwar Maguzawan yammacin Kano da kudancin Katsina, a wurin gayya da buki, amma ba ta da gurbi a tsakiyar garin Musulmi. Tun da jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, mashaya a fili ta ƙara takurewa zuwa wurare irin su Sabon Gari a birni. Bukatar zama da hira kuwa ba ta tafi ko'ina ba, kuma bencin mai shayi ne ya ɗauki babban kasonta. A nan ake jin farashin taki da na buhun masara, a tafka gardamar siyasa, a yi musun ƙwallo bayan an tashi daga gidan kallo, ɗan acaɓa ya sami labarin inda hanya ta lalace. Bambancinsa da majalisar ƙofar gida shi ne babu mai ita. Majalisa ta sa'o'i ce, kowa ya san wurin zamansa. A bencin shayi kuwa malamin makaranta da ɗan dako da baƙon da motarsa ta lalace kafaɗa da kafaɗa suke zama.

Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye ba. Teburin shayi alheri ne ga gwauro da matafiyi da ɗan ci-rani. Amma akwai magidanta da ke barin iyali da tuwo miyar kuka ba nama, su zo nan a fasa musu ƙwai uku a kan Indomie. Malamai sun sha yin wa'azi a kan wannan, mata kuma sun sha kuka da shi, kuma gaskiya suke da ita. Kuɗin abin da mutum guda ya ci a benci a dare ɗaya yana iya gyara miyar gida baki ɗaya. Laifin ba na mai shayi ba ne, shi kasuwarsa yake ci.

Kanti da tireda su ne ke ɗaure da duk waɗannan. Gwanintar ɗan kanti a gari irin Getso ita ce rarraba babba zuwa ƙanana: buhun sukari ya koma ƙulli, jarkar mai ta koma ludayi, kwalin magi ya koma ƙwaya biyu. Wanda ke samun kuɗinsa kullum-kullum, kullum-kullum yake saye, duk da cewa a lissafi ya fi mai sayen kwali biya da tsada. Sannan akwai littafin bashi, wanda a ganina shi ne ainihin jarin kanti. “Rubuta, sai ranar kasuwa,” ko “sai an yi albashi,” ko “sai kaka.” Ba a sa hannu, ba a kawo shaida. Jinginar mai karɓa ita ce an san gidansu, an san ubansa, kuma gobe ma nan zai wuce. Ita ma mai ƙosai a nan take karɓar mai da safe ta biya da yamma. Idan ɗan kanti ya karye, ba shi kaɗai ke faɗuwa ba.

An ga ƙarfin wannan amana a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. A karkara, inda banki ke da nisa kuma intanet ke yankewa, mutum na iya zama da kuɗi a asusu ya rasa na koko. Bashin sani ne ya ciyar da mutane da yawa a waɗancan makonni. Bayan nan teburai da kantuna da dama suka manna lambar asusu a bango, masu POS suka ƙaru. Matar da ke cikin gida kuwa, wadda cinikinta na naira hamsin da ɗari ne, kuma sau da yawa ba ta da asusu, ita ta fi shan wuya a lokacin. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na niƙa suka tashi. Masu abinci ba su cika son ƙara farashi ba, don sun san aljihun maƙwabtansu, sai suka rage girma. Ƙosai ya ƙanƙance, malmalar tuwo ta rage, gyara ta yi wuya. Yaro ya ce, “Inna, babu gyara?” ta ce, “Ɗan nan, ka san nawa tiyar wake yanzu?”

Wadda ke biyan farashi mafi tsada a wannan tsari ita ce yarinyar da ke ɗauke da farantin. Tunda uwa ba ta fita, dole wani ya kai kayan inda masu saye suke, kuma yawanci 'yar shekara tara ko goma ce. Lokacin koko da ƙosai shi ne lokacin shiga aji. Ranar kasuwa, wadda ta fi kowace rana ciniki, ita ce ranar da ta fi yawan raba yara da makaranta. Ga kuma haɗarin yarinya mai tasowa a tasha da rumfunan maza bayan magariba, wanda kowa ya sani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, gwamnatin Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma doka ba ta gaya wa uwa wanda zai kai mata ɗanwake bakin titi ba. Duk mai cewa a hana talla da ƙarfi, bai lissafa cewa ya rufe kasuwar mata da yawa a rana guda ba, ya kuma yanke kuɗin da ake saya wa yarinyar ita kanta littafi da sabulu. Duk mai cewa a bar ta haka don al'ada ce, shi kuma ba 'yarsa ce a tasha ba.

Ana iya raba sana'ar da kan yarinya ba tare da an kashe ta ba, kuma hanyoyin ba baƙi ba ne. Mai tireda na iya karɓar kular awara ko alale ya sayar a ba shi lada, kamar yadda yake karɓar burodi daga gidan burodi. Dattijuwa da ta wuce kulle na iya zama a ƙofar makaranta ko tasha da kayan gidaje biyu ko uku. Wayar hannu ta sa mai son waina kwano guda don suna ko walima na iya kira ya aiko a karɓa. Ribar da uwa za ta samu za ta ragu kaɗan, domin ɗan kanti ba zai yi kyauta ba kamar yadda 'ya ke yi. Wannan giɓin maigida ne ya kamata ya cike shi, ko da da kuɗin ƙwan da yake ci a bencin mai shayi ne.